Tuwo a Hawa na Uku: Tarihin Gida da Tukunya Daga Zangon Agege Zuwa Iyana Ipaja

Goro ne ya zaunar da Bahaushe a Agege. Kafin zuwan jirgin ƙasa, fataken Kano da Katsina da Sakkwato Gwanja suke nufa da jakunansu, su yi wata da watanni a hanya kafin su sauke kaya a Salaga, su ɗauko goron ƙasar Asante su juyo. Wannan hanya ta fara tangal-tangal bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasar da ya ɓarke a Salaga a 1892 kuma ya ƙarasa ta. Sai goro ya koma bin ruwa: a loda shi a jirgi daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana yanzu, a sauke a Ikko. Alhassan Ɗantata, wanda ya yi zaman Kumasi kafin ya dawo Kano, yana cikin na farko-farkon da suka gane ribar wannan sabuwar hanya. A 1896 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Ikko, ya kai Ibadan a 1901, ya shiga Kano a 1911. Tafiyar watanni ta dawo ta 'yan kwanaki, kuma Agege na cikin tashoshin da jirgin ke tsayawa jim kaɗan bayan ya bar gari.

A lokacin Agege ƙauyen gonaki ce, ƙasar Yarabawan Awori. Wasu 'yan boko na Ikko sun sayi manyan filaye a can suna noma, babbansu J. K. Coker na Ifako, wanda shi da abokansa suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. Koko suka fi shukawa, amma sun dasa goro irin na Gwanja, wanda shi ne bakin ɗan Arewa ya saba da shi, ba hannunruwa da Yarabawa ke amfani da shi a al'adunsu ba. Da itatuwan suka fara 'ya'ya, sai ya zama ga goro a gona, ga tasha a kusa, ga masu ci a can ƙarshen dogo. Abin da ya rage shi ne mai saye, mai zaɓe, mai ɗaure huhu, mai rakiya. Bahaushe ya cike gurbin. Shanu kuma suna gangarowa daga Arewa, wasu a ƙafa wasu a tarago, har yankin ya zama zangon dabbobi, abin da ya haifi kara da mayankar Oko-Oba da ake ji yau.

Ba a Agege Hausawa suka fara taka Ikko ba. Tun 1863 Gwamna Glover ya tara wasu ya yi rundunar da aka riƙa kira da sunansa, kuma unguwar Obalende ta samo asali ne daga zaman sojojin Hausawa. Amma soja barikinsa gwamnati ce ke tsara masa. Falke kuwa shi ke tsara wa kansa masauki, kuma a nan ne tarihin gida da abinci ya haɗu.

Gidan Zango na wancan zamani, mai masauki ne ginshiƙinsa. Baƙo ya sauko daga jirgi da shanu ashirin ko da kuɗin goro a lalita, bai san kowa ba, ba ya jin Yarabanci. Ya yi sallama a zauren wani maigida, a ce masa maraba, a kawo ruwa. Daga wannan lokaci kwanansa da cinsa da ajiyar dukiyarsa duk suna wuyan maigidan. Shi zai haɗa shi da dillali, shi zai tsaya wa mahaucin Bayarabe da ya ɗauki sa bashi, in mahaucin ya ci amana shi zai biya. Abin da yake samu la'ada ce. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963 ya rubuta yadda wannan tsari yake aiki dalla-dalla, kuma duk wanda ya san zangunan Kurmi, daga Agege zuwa Shagamu, zai ga salon ɗaya ne. Abin lura a ciki shi ne, darajar maigida tana tafiya ne da yawan ɗakunansa da girman tukunyarsa. Wanda baƙinsa suka kwana da yunwa, baɗi ba zai gan su ba.

Don haka ginin ma abinci ne ya tsara shi. Zaure a gaba, ɗakunan baƙi a gefe inda ba za su ga cikin gida ba, sannan tsakar gida mai faɗi inda aikin gaske yake. Ruwan saman Ikko ya kusa ninka na Kano, don haka soro da azara ba su yi ƙarko ba, aka koma jinka sannan kwano, daga baya bulo da siminti. Amma tsakar gidan ba a taɓa ta ba. A nan turmi yake, da taɓare biyu ko uku, da dutsen niƙa, da murhu mai duwatsu uku, da tulin itace a ƙarƙashin rumfa. Tun bayan azahar ake surfe da bakace da tankaɗe. Wadda ke da girki ta yi talge, ta jira ya nuna, ta zuba gari ta kama muciya da hannu biyu, ƙafa ɗaya ta dafe gindin tukunya. Kafin magariba an kwashe malmala a akussa da kwanuka, yara suna ta jigila zuwa zaure. Kwanon malam daban, na maƙwabta daban, na almajirai yana jira a bakin ƙofa. Kuma daga wannan tsakar gida matan da ba sa fita suke juya kuɗinsu: waina da ƙosai da fura da ɗanwake da dafa-duka, 'yan mata su ɗauka talla tasha da kara. Mata da yawa da cinikin tanda suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, wasu har suka sauke farali.

Tun a lokacin ma abincin ya fara sauya kama, don ƙasar ba ta gero da dawa ba ce. Sai an sako su a jirgi, kuma in suka daɗe a ajiye danshi ya sa su fumfuna. Kuka ta dunƙule, kilishi ya ƙi bushewa da damina, fura ta yi tsami kafin la'asar. A hankali masara da shinkafa suka karɓe wurin dawa a tukunyar tuwo, manja ya kutso inda man gyaɗa da man shanu suke. Zaman tare kuma ya yi aikinsa. Yaron da aka haifa a unguwar Zango ko Isale Oja a Agege ya tashi yana cin amala da teba kamar yadda yake zuba Yarabanci, Bayaraben Agege kuma ya koyi cin tuwon masara, sai dai shi da miyar wake da ayoyo yake haɗawa. Kan daddawa kuwa ba a taɓa yin gardama ba, don Yarabawa ma da kalwa suke yin tasu.

Burodi ya zo ta wata ƙofa. Amos Shackleford, mutumin Jamaika da ya zo aikin jirgin ƙasa, shi ya buɗe gidan burodi a Ebute Metta ya shigo da injin murza kwaɓi wanda ke sa burodi ya yi laushi da danƙo. Daga baya masu gidajen burodi na Agege suka ƙware a irin wannan, har sunan garin ya bi shi duk faɗin ƙasar. Ɗan ci-rani da ya baro iyali a gida, yana kwana a shago ko a barandar masallaci, ba shi da murhu. Teburin mai shayi ya zama madafarsa, burodin Agege ya zama tuwonsa na safe.

Gwamnati kuwa ba ta shiga harkar gina wa jama'a gidaje don ƙauna ba, annoba ce ta tura ta. Cutar ɓeraye ta ɓarke a tsibirin Ikko a 1924, ta yi ɓarna a unguwannin da suka cushe, sai aka kafa hukumar tsara birni ta LEDB a 1928. A shekarun 1950 aka rushe tsakiyar tsibirin aka kwashe mutane zuwa sababbin gidaje a Surulere. Duk wannan bai shafi Agege kai tsaye ba, don ita tana ƙarƙashin Jihar Yamma har zuwa 27 ga Mayu 1967 da aka ƙirƙiri Jihar Legas. Abin da ya shafe ta shi ne masana'antun da suka buɗe a Ikeja. Ma'aikata suka yi ta kwararowa neman ɗaki mai arha kusa da wurin aiki, gonakin goro da koko suka zama fulotai, kasuwar goron kanta ta karkata zuwa Ifo da Shagamu. Ginin da ya mamaye ko'ina shi ne wanda mutanen Ikko ke kira fes-mi-ai-fes-yu: layin ɗakuna biyu suna kallon juna, siririn lungu a tsakiya, madafa ɗaya da banɗaki ɗaya ko biyu a baya na kowa da kowa.

A irin wannan gida Bahaushiyar da mijinta ba shi da gado a Zango take tarewa. Madafar ta mutum takwas ce ko goma, kowa da ɗan akwatin katakonsa da kwaɗo, kuma da yamma ba wurin tsayawa. Sai ta ajiye rishonta a bakin ƙofar ɗakinta. Risho kuwa ba a yi shi don tuƙin tuwo ba: ƙafafunsa sirara ne, in aka danna muciya sai ya yi rawa, lagwani ya tashi da hayaƙi. Dole ta sauke tukunyar ƙasa ta maƙale ta tsakanin ƙafafu ta tuƙa, ta mayar ta turara, ta sake saukewa, tana yi tana janye zane don maƙwabcin da zai wuce da bokitin wanka. Ga mayafi a kanta cikin wannan zafi, domin lungun hanyar maza ce. Tukunyar da za ta ciyar da mutum talatin ba ta da mazauni a nan. Ta mutum biyar ce ke shiga, ita ma da dabara.

Sai kuɗin man fetur ya zo. A 1973 gwamnatin Gowon ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, wadda ta gina garin Festac don bikin al'adun baƙar fata na 1977, ta kuma gina rukunin da ake kira Gowon Estate a yankin Ipaja da Egbeda. Shehu Shagari ya hau mulki a 1979 da alƙawarin gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, kuma rukunin da ke ɗauke da sunansa yana nan a Ipaja. Amma wanda ya fi barin tambari shi ne Gwamna Lateef Jakande, wanda ya mulki Legas daga Oktoban 1979 zuwa Disambar 1983. Ya gina gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin da Iponri da Isolo da Iba da Agege kanta, mafi girmansu kuma shi ne na Abesan a Ipaja, mai gidaje fiye da 4,000. Waɗannan rukunai ne suka mayar da Iyana Ipaja, wadda da mararraba ce kawai a kan titin Abeokuta, ta zama ƙofar shiga Alimosho, ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta nuna ta fi kowace yawan jama'a a jihar, da mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.

A yaba wa Jakande, ya cancanta. Ma'aikacin da ya saba layin banɗaki da asuba ya samu ɗaki biyu ko uku da falo da famfo da makewayinsa na kansa, yana biya kaɗan-kaɗan har ya mallaka. Sai dai zanen gidan baƙo ne. Ɗan ƙaramin kicin da ke cikin irin waɗannan benaye jikan wani zane ne da wata mata 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta yi a 1926 don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus. Faɗinsa bai kai mita biyu ba, tsawonsa bai kai uku da rabi ba, an auna shi ne don mace ɗaya tana tsaye, tana dafa abin da aka sayo a shirye daga kanti, don miji ɗaya da 'ya'ya biyu ko uku. Ba a yi lissafin kishiya ba, balle baƙo, balle ragon suna. Mai zanen da ya kwafo shi zuwa Ipaja, ko da Bayarabe ne mai son sakwara, bai tsaya ya tambayi inda za a ajiye turmi ba.

Turmi kuwa shi ne abu na farko da bene ya kora. Bugu uku a hawa na uku, sai ƙarar ta bi siminti ta sauka har ƙasa, maƙwabciya ta hau tana haki tana cewa Hajiya don Allah a tausaya, yaro na barci. Wasu suka riƙa sa tsohuwar taya ko ninkakken buhu a ƙarƙashi, wasu suka riƙa sauko da shi gindin matattakala, yawanci dai suka haƙura. Itace ma ba shi da wuri. Ranar layya sai an roƙi sarari a inda ake ajiye motoci, a yanka, a feɗe, a wanke jini da sauri kafin a fara magana, sannan a hau da nama a bokiti a yi ta suya a ƙaramin kasko har dare ya raba. Baƙo in ya zo daga gida, falo ne makwancinsa, matar gida kuma ta zama fursuna a ɗaki har ya tafi.

Gaskiya Hausawan da suka samu gidajen nan tun farko ba su da yawa, galibi ma'aikatan tarayya ne da sojoji da 'yan kwastan, kuma da dama sun tattara sun bi gwamnati Abuja bayan 12 ga Disambar 1991. Tasirin rukunan ya zo ne ta wata fuska: sun zama abin koyi. Duk wanda ya samu fuloti a Dopemu ko Egbeda ko Abule Egba, irinsu yake ginawa, ya cinye filin kaf har jikin katanga don kowane taku kuɗin haya ne. A cikin Zango ma haka. Maigida ya rasu, magada sun yi yawa, gida ba ya rabuwa. Sai a sayar, ko a ba wani mai kuɗi ya rushe ya tayar da bene ya ci haya na wasu shekaru, a ba magada hawa ɗaya. Zaure ya zama shago, tsakar gida ta zama ɗakuna. Ga shi kuma sana'ar da ta riƙe gidan ta sauya: jirgin ƙasa ya durƙushe, tirela ta karɓi shanu da hatsi, banki da wayar hannu suka rage buƙatar mai ajiya. Falken yau yakan kwana a gindin motarsa a kasuwa, ya sayar, ya juya.

To ina tuwo ya shiga? Bai mutu ba, ya bi hanya biyu ne.

Hanya ta farko, ya ƙanƙance ya shiga leda. Injin niƙa na bakin layi ya ɗauke aikin turmi da dutse. Kamfanin Flour Mills da aka kafa a 1960 a Apapa ya fito da Semovita, wadda ake tuƙawa cikin 'yan mintoci ba surfe ba tankaɗe, har yara da yawa suka tashi suna ɗaukar tuwon semo a matsayin tuwo na asali. Dunƙulen Maggi ya zauna kusa da daddawa, a wasu gidajen ya kore ta. Indomie, wadda ake yi a Ota, ƙasa da tafiyar sa'a ɗaya daga Iyana Ipaja in hanya ta yi kyau, ta hau teburin mai shayi ta zauna daram kusa da ƙwai. A Kano kamfanin Dala Foods ya sa kunun tsamiya a fakiti, sai dai a zuba ruwan zafi. Fura ta koma injin markaɗe da yogot a maimakon ludayi da kindirmo. Wuta ma ta yi ta sauyawa: itace, risho, sannan murhun Abacha mai cin garin katako da gawayi a shekarun 1990 lokacin da kananzir ya yi wuya, yanzu kuma tukunyar gas. Gas ya raba mata da hayaƙi, amma ya zo da nasa tsoron a unguwannin da gida ke manne da gida. Mutanen Baruwa a Ipaja ba su manta da safiyar 8 ga Oktoban 2020 ba, ranar da wata tashar gas ta yi bindiga, rayuka suka salwanta, gidaje da shaguna suka ƙone.

Abin da leda ba ta iya kawowa ba, direba ke kawowa. Kusan kowane gidan Bahaushe a wannan yanki yana da wani direban babbar mota ko na bas da ya sani, wanda uwa ko yaya a Funtuwa ko Gusau ko Haɗeja za ta damƙa wa ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da kwalbar man shanu, a rubuta lambar waya a jikin buhu. Sauran kuma ana samu a kasuwar Ile-Epo da ke gaba kaɗan da Iyana Ipaja, ko a Mile 12, nama kuma a Oko-Oba. Ikko gaba ɗayanta ta gane nauyin wannan jigila a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa da nama suka yi tashin gwauron zabi, ba a samu sauƙi ba sai da aka janye a farkon Maris.

Hanya ta biyu, tuwo ya fita titi. Abin da tsakar gida ta daina yi, rumfa ta ɗauka. Mai tuwo da manyan tukwanenta a bayan tasha, mai waina a kusa da masallaci, mai koko da ƙosai da asuba, mai tsire da balangu in rana ta faɗi. Ɗan acaba da ɗan dako da mai gyaran takalmi da mai canji duk a nan suke haɗuwa a benci ɗaya. Har matan aure na cikin benaye, in azumi ya zo ko an yi haihuwa, waje suke aikawa a yi musu waina da sinasir da alkaki, don tanda mai gida goma sha biyu ba ta zama a kan gas. Wato madafar al'umma tana nan, sai dai ta rasa rufin doka. Jihar Legas ta yi dokar hana ciniki a titi a 2003, kuma mai rumfa kullum cikin fargaba take, yau a karɓi kuɗin tikiti, gobe a kwashe tukwane. Duk wani babban aiki da ya zo, layin bas na Oshodi zuwa Abule Egba a 2020, gadar Pen Cinema a 2021, sabon dogo da tashoshinsa, masu abinci ne na farko da ake cewa su matsa.

Wasu ƙasashe sun gamu da wannan matsala sun yi mata magani. Singafo ta kwashe yawancin mutanenta ta zuba a benayen gwamnati tun daga 1960, amma ta gane cewa abincin gargajiya ba zai rayu a ƙaramin kicin kaɗai ba. Sai ta gina wa masu sayar da abinci na titi rumfuna na dindindin a cikin rukunan gidajen, da ruwa da wuta da magudana, har UNESCO ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya a 2020. A Filifin kuma jama'a ne da kansu suka nemo mafita. Mutum zai gina gidan zamani da kicin mai tayil a ciki, amma sai ya ƙara wata madafa a baya, a waje ko a rumfa, inda ake suyar busasshen kifi da gashi a gawayi da duk girkin da ke da hayaƙi ko ƙauri. Masu zanen gidajensu sun karɓi abin, ya zama ɓangaren gini da ake sa wa a takarda tun farko. A Ikko kuwa, mai zane yana ganin barin fili asara ce, mai gidan haya kuma yana rubuta wa ɗan haya sharaɗin ba daka ba gawayi.

Ban ce a koma jiya ba. Masu kewar turmi yawanci maza ne da ba su taɓa riƙe taɓarya ba. Tsohuwar da ta yi shekara talatin tana hura itacen Kurmi mai danshi har idanunta suka lalace, in ka tambaye ta za ta ce Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro gas albarka. Makewayi na kanka, da ƙofar da za ka rufe, da rabuwa da rigimar madafar haya, duk ci gaba ne na gaske. Amma a lissafa abin da aka biya. Matar da kakarta ke juya jari daga cikin gida yanzu tana hawa na uku ba ta da wurin da za ta kafa tanda, sai dai ta jira abin da miji ya ajiye, ko ta koma sayar da turare da atamfa ta WhatsApp. Ciyayyar ƙofar gida, inda mai hali da marar hali ke sa hannu a kwano ɗaya ba wanda ya san na wa ne ya fi nama, ta ragu sai a tsofaffin layukan Zango da lokacin buɗa-baki. Yaron da ya sauka daga mota yau ba shi da zauren da zai yi sallama. Mu kuma muna mamakin yadda samarinmu ke kwana a ƙarƙashin gada a garin da kakanninsu suka yi suna da saukar baƙi.

Haya a Agege da Iyana Ipaja ta fi ƙarfin mutane da yawa yanzu, duk da dokar 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Masu ɗan hali suna ta sayen filaye a gaba, Agbado da Sango-Ota da Ifo, kusan a kan layin da goro ya bi shekara ɗari da suka wuce. Ga waɗannan nake magana. Alhaji, kafin ka sa hannu a zanen da aka kawo maka, ka miƙa wa Hajiya ta duba. Ka ce a bar taku goma a baya ba rufi, a ja famfo da magudana zuwa wurin, a yi 'yar rumfa da za ta ɗauki babbar tukunya da turmi, a fitar da ɗaki ɗaya mai ƙofa ta waje don baƙo. Shugabannin al'umma kuma, da ke ganawa da ƙananan hukumomin Agege da Alimosho, su sa maganar rumfunan dindindin na masu abinci cikin abin da suke nema.